Wa'azi da Hurumin Gida a Birnin Gwari: Idan Mai Sallama Ya Zo da Bindiga

A bikin ƙaramar Sallah ta shekarar 2022, wasu garuruwan gabashin Birnin Gwari sun yi baƙin da ba su gayyata ba. Samari ne a kan babura, rataye da bindigogi, suka fito daga daji suka shigo gari da rana tsaka. Ba satar shanu ta kawo su ba, ba kuma ɗaukar mutane ba. Wasan babura suka yi wa jama'a, suka yi wa'azi, suka raba takardun da ke ɗauke da aƙidarsu da katunan memori na waya. Ƙungiyar ci gaban masarautar Birnin Gwari, wato BEPU, a ƙarƙashin shugabanta na lokacin Ishaq Usman Kasai, ita ta yi ta sanar da duniya abin da ke faruwa a wurare irin su Tsohuwar Kuyello da Damari, ta kuma faɗi sunan baƙin: 'yan Ansaru.

An yi rubutu da yawa a kan wannan lamari ta fuskar tsaro. Abin da ba a cika waiwaya ba shi ne ɓarnar da ya yi wa wani tsohon tsari da gidan Bahaushe ya ginu a kansa: ikon maigida na ya amsa sallama ko ya ce a dawo wani lokaci. Duk wa'azin da ya zo ƙofar gida, darajarsa tana rataye da wannan iko. Ranar da mai gida ya rasa bakin cewa a'a, abin da ke gabansa ya tashi daga nasiha ya koma umarni, komai daɗin lafazin mai yin sa.

Zaure da dokarsa

Wanda ya shiga tsofaffin garuruwan wannan yanki, daga Tsohon Birnin Gwari har ƙauyukan da ke hanyar Funtuwa, zai tarar da fasalin gidan da aka sani a duk ƙasar Hausa. Zaure ne a gaba, nan baƙo namiji yake tsayawa. A bayansa akwai ƙofar gida, wani lokaci da ɗakin samari ko turken dabbobi. Sai shigifa, wadda aminin maigida ko ɗan uwa kaɗai ke kaiwa gare ta. Daga nan sai tsakar gida, duniyar mata da yara, inda murhu da turmi da rumbu suke. Ƙofofin ma ba a jera su a miƙe, don kada idon wanda ke waje ya zarce ciki. A garuruwa kuma akan rubuta "Ba shiga" da alli ko fenti a jikin bango.

Baƙo ba ya ƙwanƙwasa ƙofar ciki. Yaro yake samu a waje ya aika.

"Kai yaro, shiga ka ce ana sallama da maigida."

Daga ciki uwargida za ta tambaya: "In ji wa?"

Yaron ya dawo ya tambaya, ya koma da suna. Sannan amsa ta fito: ko "yana zuwa," ko "ya ɗan kwanta," ko "ba ya nan." Baƙo mai ladabi ba ya tsananta bincike a kan wadda aka ba shi. Idan kuma maigida ya fito ya tarar malami ne, zai shimfiɗa tabarma a zaure ya ce, "Allah gafarta Malam, sannu da zuwa," a kawo ruwa, a gaisa, kafin a ji abin da ke tafe da shi. Hausawa na cewa baƙonka annabinka, amma ba su taɓa nufin baƙo ya wuce zaure ba.

Wannan tsari yana da gindi a addini. Ayoyi na 27 da 28 na Suratun Nur sun hana shiga gidan wani sai da izini da sallama, sun kuma umarci wanda aka ce masa ya koma da ya koma. Aya ta 58 a surar ta ware lokuta uku da ko yaran gida sai sun nemi izini: kafin Asuba, lokacin hutun tsakar rana, da bayan Isha'i. Suratul Hujurat ta hana bin diddigin sirrin mutane. A hadisi, Abu Musal Ash'ari ya nemi iso wurin Halifa Umar sau uku, da bai ji amsa ba ya juya ya tafi, kuma da aka tuhume shi ya kafa hujja da koyarwar Annabi (SAW). Abin lura a nan shi ne, shari'a ba ta cire mai wa'azi daga wannan hukunci ba. Kyawun saƙon da mutum ya ɗauko bai ba shi mabuɗin gidan kowa ba.

Yadda na farko suka kai ilimi tsakar gida

Yawon wa'azi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka haifa a 1754, ya fara wa'azi yana da kimanin shekara 20, ya zaga Kabi, ya zauna a ƙasar Zamfara wajen shekara biyar yana karantarwa. Shi ma ya fuskanci tambayar da muke fuskanta yau: ta yaya ilimi zai isa ga matan da ke cikin gida? Ya yi kakkausar suka ga mazan da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, har wani malami ya soki yadda mata ke halartar majalisinsa.

'Yarsa Nana Asma'u (1793 zuwa 1864) ita ta samar da mafita mai ɗorewa, wato tsarin 'Yan Taru. Ta zaɓi dattijan mata masu mutunci a garuruwansu, ta naɗa su jajoji, ta ba kowace malfa alamar izini. Jaji takan jagoranci mata daga ƙauye su zo su ɗauki karatu, su koma su koyar da 'yan uwansu a cikin gidaje. Ilimi ya shiga tsakar gida, amma a bakin mace, macen kuma sananniya ce a garin. Ba a keta zaure ba, ba a kuma bar mata a duhu ba. Ko a zamaninmu, masu aikin rigakafin shan inna sun dawo kan wannan hikima: mata 'yan unguwa ne ke shiga gida, mai unguwa ko wakilinsa na tsaye a waje.

Masu bin gida-gida na yau ma suna da nasu ladabin. 'Yan Tabligi, waɗanda tafiyarsu ta faro a Indiya a hannun Muhammad Ilyas a wajajen 1926, sukan sauka a masallaci, su fita jaula su kaɗan, tare da ɗan gari mai yi musu jagora. Sukan tsaya a gefen ƙofa, su yi magana gajeriya, su gayyaci maigida masallaci. A ɓangaren Kiristoci, Shaidun Jehobah sun shahara da tafiya bibbiyu ƙofa-ƙofa da ƙasidunsu. Wani na jin daɗin zuwan irin waɗannan baƙi, wani yana ganin takura ce, musamman idan sun zo lokacin hutu ko suka nace. Amma duk wanda suka yi wa sallama ya san abu guda: in ya ce ba shi da sarari, za su wuce, kuma zai kwana lafiya.

Inda sirrin gida ya zama batun rai

Ƙaramar hukumar Birnin Gwari ta haura murabba'in kilomita 6,000, kuma ƙidayar 2006 ta ba ta mutum fiye da 250,000. Ƙasa ce ta noma, ta masara da dawa da shinkafa, ga kuma zinariya. Tun zamanin Turawan mulkin mallaka ake haƙar ta a kewayen Tsohon Birnin Gwari, garin da ke arewa maso gabas da sabon birnin da fadar Sarki Malam Zubairu Jibril Mai Gwari II take. Dazuzzukanta, Kamuku da aka mayar gandun ƙasa a 1999, da Kuduru, da Kuyambana ta ɓangaren Zamfara, sun haɗe da juna har suka sada jihohin Kaduna da Katsina da Zamfara da Neja. Albarkar da ta jawo manoma da mahaƙa ita ce ta jawo ɓarayin daji.

Shekarar 2018 ta yi muni ƙwarai. A watan Maris an kashe sojoji 11 a Kamfanin Doka. A watan Mayu aka afka wa ƙauyen Gwaska, aka kashe fiye da mutum 40. Hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta zama abar tsoro, manoma suka koma biyan haraji kafin su shiga gonakinsu.

A irin wannan zama, abin da ke cikin gida ya daina zama batun kunya kawai. Wanda ya sayar da buhunan masara ranar kasuwa, wanda ɗansa ya aiko da kuɗi daga birni, wanda ya samu a ramin zinariya, gidan da ke da 'yan mata, gidan da ɗansa ɗan sa-kai ne: kowane ɗaya daga cikin waɗannan labarai yana iya jawo garkuwa da mutum ko kisa. Kalmar da ta fi yawo a bakin mutane ita ce "infoma," domin kowa ya san da ɗan gari akan ci gari. Yawan tsegunta wa 'yan bindiga labari na daga cikin dalilan da gwamnatin Kaduna ta bayar lokacin da aka katse layukan waya a yankin a ƙarshen Satumban 2021. Saboda haka idan magidanci a wannan ƙasa ya yi ɗari-ɗari da baƙon da ya zo da sunan wa'azi, ba ƙin addini ba ne. Ya san cewa idon da ya zauna a zaure yana iya ƙirga rumbuna.

Ƙofofi uku da ba su bi ta zaure ba

Ansaru ta ɓalle daga Boko Haram a farkon 2012, bayan harin 20 ga Janairu da ya hallaka mutane da yawa a Kano, tana mai cewa ba ta yarda da kashe Musulmi barkatai ba. An kama jagoranta Khalid al-Barnawi a Lokoja a watan Afrilun 2016. Ta yi shiru na wasu shekaru, sannan ta sake ɓulla a dazukan Birnin Gwari, inda a watan Fabrairun 2020 'yan sanda suka kai samame sansaninta a dajin Kuduru. Dabararta a nan ta bambanta da ta ɓarayin daji. Ta tarar da mutanen da aka gallaba, hukuma ta yi musu nisa, sai ta gabatar da kanta a matsayin mai kare su. A wasu wurare ta yi faɗa da ɓarayin, manoma suka samu suka koma gona. Mutumin da ya shekara bai yi barci da ido biyu rufe ba, da wuya ya yi wa wanda ya tsare masa ƙofa tambayoyi.

Daga nan saƙonta ya bi hanyoyi uku zuwa tsakar gida.

Ta farko ita ce kyauta. Kayan azumi da na Sallah, idan suka shiga gidan da yunwa ta taɓa, ba su tsaya a zaure. Har murhu suke kaiwa, uwargida ta san daga inda suka fito, yara ma su sani. Wanda ya ci abincin mutum kuwa, kunya kan hana shi ƙin sauraren maganarsa.

Ta biyu ita ce waya. Katin memori ba ya buƙatar sabis, ba ya buƙatar iso. Yana shiga aljihun saurayi, ya kwana da shi a ɗakin samari, ya tura wa abokinsa. Uba yana zaure yana tsaron ƙofa, wa'azin da bai san mai yin sa ba yana kunnen ɗansa. Wannan ƙofa ba a Birnin Gwari kaɗai take buɗe ba, amma a inda makarantu suka rufe, malamai suka yi hijira, babu wanda yaro zai kai wa abin da ya ji don a tantance masa.

Ta uku, wadda ta fi kowace zurfi, ita ce aure. BEPU ta ba da labarin yadda mayaƙan suka riƙa auren 'yan matan yankin, ciki har da na Tsohuwar Kuyello, tare da jan samari cikin tafiyarsu. A al'adarmu suruki ba baƙo ba ne. Yana da hanyar shiga gida, yana jin abin da ake ciki, ba a kai ƙararsa wurin hukuma cikin sauƙi. A aure na gaskiya, iyaye kan yi bincike: ɗan waye, mene ne sana'arsa, ina danginsa? Waliyyi yana da ikon ya ce bai bayar ba. To wane uba ne zai yi wannan bincike, alhali manemin yana kwana a daji da makami? Ko da yarinya ta nuna so, yardar da aka bayar a gaban bindiga ba a san gaskiyarta ba.

Ba a daɗe ba nasiha ta rikiɗe ta zama doka. A tsakiyar 2022 BEPU ta sanar cewa ƙungiyar ta haramta harkokin siyasa a garuruwan gabashin masarautar, har aka lakaɗa wa wani ɗan acaɓa duka a mazaɓar Kazage saboda hoton ɗan takara da ke manne a babur ɗinsa. A watan Yulin shekarar, Gwamna Nasir El-Rufai ya rubuta wa Shugaba Muhammadu Buhari cewa 'yan ta'adda na kafa gwamnatinsu a yankin. A cikin wannan daminar kuma rikici tsakanin Ansaru da ɓarayin daji ya rutsa da Damari, mutanen garin suka watse, mata da yara suka bar ɗakunansu suka koma zaman gudun hijira a gidajen mutane. Kariyar da aka yi musu alkawari ba ta tsaya ba, tsakar gidan da ake karewa kuma ta koma kango.

Me doka ta tanada?

Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ajiye haƙƙoƙi biyu kafaɗa da kafaɗa. Sashe na 37 ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa da wasiƙunsa da maganganunsa na waya. Sashe na 38 ya ba shi 'yancin addini, har da yaɗa shi. Ba su ci karo da juna ba: mai wa'azi yana da damar ya yi sallama, mai gida yana da damar ya ƙi fitowa. Haka kotun ƙolin Amurka ta gani a 2002, a shari'ar Shaidun Jehobah da ƙauyen Stratton na jihar Ohayo. Ta soke dokar da ta tilasta neman lasisi kafin bin gida-gida, tana mai nuni da cewa mai gida yana iya kafa alamar hana zuwa, yana kuma iya ƙin sauraro.

Kaduna ta bi hanyar lasisi tun 1984, lokacin da gwamnatin soja ta kafa dokar wa'azi bayan tarzomar Maitatsine da ta faro a Kano a 1980 ta kuma taɓa Rigasa a 1982. A 2016 gwamnatin El-Rufai ta kai wa majalisa ƙudirin sabunta dokar, aka yi ta muhawara, shugabannin addini na ɓangarorin biyu suka nuna damuwa, majalisa ta amince da shi a watan Yunin 2019. Amma dokar lasisi tana kama wanda ke tsoron hukuma ne. Tana iya tsayar da malami mai lasifika a Tudun Wada, ba ta iya tsayar da mai babur da bindiga a Kazage.

Hukuma ma tana da nata iyakar a bakin ƙofa. A ƙarshen Fabrairun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf na Kano ya soki salon wasu samamen Hisba, har shugabanta Sheikh Aminu Daurawa ya ajiye muƙaminsa kafin a sasanta ya dawo. Muhawarar da ta biyo baya ta nuna cewa mutanenmu, duk da son gyaran tarbiyya, ba su manta cewa gyara yana da ladabi ba.

Bayan sulhu, sauran gyaran ƙofa

A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya karɓi tubabbun 'yan bindiga, aka buɗe kasuwar shanu da ta daɗe a rufe, motoci suka dawo hanya. A watan Agustan 2025 kuma mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Nuhu Ribadu, ya sanar da kama manyan jagororin Ansaru biyu, Mahmud Muhammad Usman da ake kira Abu Bara'a, da Malam Mamuda. Waɗannan ci gaba ne da ya kamata a gode wa Allah a kansu. Sai dai takardun da aka raba suna nan a wasu akwatuna, katunan memori suna cikin wayoyi, akwai kuma matan da aka aura da 'ya'yan da aka haifa. Waɗannan ba aikin soja ba ne.

Aikin farko na masarauta ne. Tsohuwar ƙa'idar da ta ce baƙo ya fara sauka wurin mai unguwa ko dagaci ta cancanci a raya ta, kuma ta hau kan kowa ba tare da zaɓe ba: ɗan Izala, ɗan ɗariƙa, ɗan Tabligi, fasto ko mai bishara. A san sunansa, a san wanda ya aiko shi, a haɗa shi da ɗan gari. Wannan ba hana wa'azi ba ne. Kariya ce ga mai wa'azin kirki, wanda yanzu ake yi wa kallon tuhuma saboda laifin wasu.

Na biyu na ƙungiyoyin addini ne. Su koya wa masu fita da'awa cewa masallaci da dandali da zaure sun ishe su, kuma "ba ya nan" amsa ce cikakkiya. Kada su tambayi yawan matan gida ko abin da aka noma, kada su ɗauki hoto, kada su karɓi lambar wayar matar aure ko yarinya ba da sanin mai gida ba. Kada kuma a ɗaura wa kyauta sharaɗin aƙida, domin mayunwaci ba ya cikin halin zaɓe.

Na uku na mata ne. Rufe ƙofa kaɗai ba zai tsare gida ba, tunda mun ga saƙo yana shiga ta waya da ta tukunya. Abin da ke tsare gida shi ne ilimin waɗanda ke cikinsa. Islamiyyun matan aure, da malamai mata 'yan garin da aka horar aka kuma ba su abin hannu, su ne jajojin wannan zamani. Uwar da ta san addininta ita ce za ta fara jin sauyin harshen ɗanta, tun kafin uba ya lura. Su ne kuma za su iya zama da matan da suka dawo daga daji, ba tare da tsangwama ba.

Na ƙarshe na gwamnati ne, kuma shi ne ginshiƙin sauran. Mutanen Damari da Kuyello ba su saurari masu bindiga don sun ƙi malamansu ba. Sun saurare su ne don babu ofishin 'yan sanda mai ƙarfi kusa, babu makaranta mai aiki, babu kotun da za a kai kuka. Muddin magidanci a Kazage ko Kutemeshi ko Dogon Dawa zai auna abin da zai same shi da dare kafin ya ce wa baƙo ya koma, to sulhu bai kammala ba, ko kasuwa ta cika ta batse. Ma'aunin zaman lafiya a wannan ƙasa ya haɗa da wannan ƙaramin haƙƙi: mutum ya zaɓi wanda zai karantar da iyalinsa da wanda zai aura wa 'yarsa, ya faɗi zaɓinsa a fili, hukuma kuma ta kasance kusa da za ta tsaya masa.